Dutse: Ina baƙi ke zuwa idan an tashi daga aiki?

Duk ranar Juma'a, da zarar an sauko daga masallaci, hanyar da ta tashi daga Dutse ta bi ta Gaya da Wudil zuwa Kano kan cika da motoci.

Akasarin waɗanda ke cikin motocin ma'aikatan gwamnati ne da malaman makarantu da 'yan kwangila, waɗanda suka shafe mako suna aiki a babban birnin jihar Jigawa. Ba za a sake jin ɗuriyarsu ba sai safiyar Litinin.

Dalilin da aka fi bayarwa shi ne iyali na Kano. Sai dai akwai wani dalilin da ke biye da shi, wanda aka fi ji daga bakin baƙin da ba su da inda za su je a ƙarshen mako, wato cewa wai Dutse ba ta da wurin shaƙatawa.

Wannan ƙorafi na da ƙamshin gaskiya, amma bai faɗi duka labarin ba. Garin da ƙasar da ke kewaye da shi na da abubuwan kallo da na ɗebe kewa, wasunsu ma duniya ta san da zamansu. Abin da ya sa baƙo bai cika ganinsu ba shi ne kusan babu ɗaya daga ciki da ake shiga da tikiti, kuma kowanne da lokacinsa a shekara.

Garin da aka ɗora wa nauyi farat ɗaya

Dutse tsohon gari ne. Tarihin sarakunan Kano ya ambace shi tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. To amma har zuwa ranar 27 ga watan Agustan 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanko jihar Jigawa daga tsohuwar jihar Kano, hedkwatar ƙaramar hukuma ce kawai.

Ma'aikatan da aka turo sabuwar jihar sun tarar babu isassun gidaje, babu ofisoshi, don haka da dama daga cikinsu suka bar iyalansu a Kano, tafiyar kimanin sa'o'i biyu a mota. Nan aka samo asalin ficewar da ake yi ranar Juma'a.

Bayan komawa mulkin farar hula a 1999, gwamna Ibrahim Saminu Turaki ya rarraba ma'aikatun gwamnati zuwa manyan garuruwan jihar, da nufin kowane yanki ya amfana. Masu sukar matakin dai na ganin ya jinkirta bunƙasar Dutse da shekaru. Sule Lamido, wanda ya gaje shi a 2007, ya sake tattaro ma'aikatun wuri guda, aka gina sabuwar sakatariya da rukunin gidaje da tituna masu faɗi. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, a 2014 kuma aka buɗe filin jirgin sama.

A ƙidayar jama'a ta 2006, ƙaramar hukumar Dutse na da kusan mutum dubu 250. Tun daga lokacin unguwanni irin su Yalwawa da Takur da Danmasara suka yi ta faɗaɗa, kuma a irinsu ne baƙo kan samu gidan haya.

Baƙin kuwa iri-iri ne. Akwai ɗalibai da malaman jami'a da na kwalejin kimiyya da fasaha. Akwai matasa masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda kan yi makonni uku a sansanin Fanisau kafin a rarraba su ƙananan hukumomi 27 na jihar, kuma da yawansu ba su taɓa haye kogin Kwara ba sai a wannan tafiya. Akwai 'yan kasuwa daga kudu da kuma Nijar. Sannan akwai 'yan ƙasashen waje, waɗanda ba su da yawa amma ba a rasa su: injiniyoyin kamfanonin gina hanyoyi, da jami'an ƙungiyoyin agaji, da likitoci irin na ƙungiyar MSF da ke aiki a babban asibitin Jahun tun 2008.

Batun inda waɗannan mutane ke hutawa ba ƙaramin batu ba ne ga jihar. Albashin da aka biya a Dutse aka kashe a Kano, ribarsa ta Kano ce. Likita ko malamin jami'ar da ya ɗauki gari a matsayin wurin aiki kawai kuma, shi ne kan fara tafiya idan wata dama ta samu.

Majalisa da mai shayi

Wanda ya saba da Legas ko Fatakwal, ko ma unguwar Sabon Gari ta Kano, zai lura da bambanci tun a daren farko. Jigawa na cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekara ta 2000, ba a sayar da giya a fili, kuma hukumar Hisba kan kama ta lokaci zuwa lokaci. Ba a san Dutse da gidajen rawa ba.

Hutun mutanen gari yana bakin ƙofa ne. Bayan sallar La'asar, ko bayan Isha'i, akan shimfiɗa tabarma ko a fito da benci, abokai su haɗu a majalisa. A nan ake tattauna siyasa da farashin taki da ƙwallon Ingila, a nan ake sanin wanda aka yi wa haihuwa da wanda ke kwance a asibiti. Gefe kuma ga teburin mai shayi, ga tukubar mai tsire da balangu.

Majalisa ba ta da rajista, amma tana da ƙa'ida. Baƙon da ya yi sallama, ya zauna ya saurara kafin ya tsoma baki, ya je gaisuwar mutuwa idan an yi rashi a layinsu, cikin 'yan makonni zai ji an laƙaba masa suna, wanda hakan alama ce ta an karɓe shi. Hausar da ya koya a teburin mai shayi kan fi wadda aka koya masa a sansani amfani nesa ba kusa ba.

Sai dai ya kamata a faɗi gaskiya, majalisa ta maza ce. Baƙuwa mace, ko malamar asibiti ce ko mai yi wa ƙasa hidima, hanyarta ta shiga jama'a ita ce ta cikin gida: biki da suna da ziyara, da makarantar Islamiyya ga Musulma, ko ƙungiyar mata ta coci ga Kirista. Idan ba ta samu maƙwabciyar da za ta ja ta a jiki ba, za ta iya shekara a gari ba ta san komai ba sai hanyar ofis da ta kasuwa. Wannan giɓi ne na haƙiƙa, kuma wuraren da iyali za su fita tare su sha iska ba su taka kara sun karya ba.

Matasa kuwa suna da gidajen kallon ƙwallo, da filayen unguwa da kan cika da yamma. Ƙungiyar jihar, Jigawa Golden Stars, ta sha hawa da sauka tsakanin babbar gasar ƙasa da mai bi mata. Da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, ana dambe da kokawa a ƙauyuka.

Hawan da baƙi ke barin gari su rasa

Babban abin kallo na shekara shi ne hawan Sallah, kuma abin ban takaici, daidai lokacin ne baƙi suka fi barin gari.

Masarautar Dutse ta ƙunshi ƙananan hukumomi bakwai: Dutse da Kiyawa da Jahun da Miga da Birnin Kudu da Buji da Gwaram. A ƙaramar Sallah da babba, hakiman waɗannan ƙasashe kan shigo da dawakansu da 'yan lifida da makaɗa da 'yan bindiga. Ana yin hawan Sallah, sannan hawan Bariki, inda Sarki kan kai gaisuwa gidan gwamnati ya ratsa gari ya koma fada.

Hawan Dutse bai kai na Kano girma ba, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya da ake taskacewa a watan Disamban 2024. To amma ƙanƙantarsa na da nata amfanin, domin mai kallo kan ga ado da kayan doki kusa da kusa, ba tare da turereniyar da aka sani a Ƙofar Kudu ba.

Tsohuwar fada tana Garu, a tsakiyar duwatsu, kuma zanen da ke jikin bangonta da na zaurukanta ya isa a je dominsa.

Marigayi Sarkin Dutse Nuhu Muhammad Sanusi, wanda ya yi sarauta daga 1995 har zuwa rasuwarsa a watan Janairun 2023, ya yi suna wajen son dashen itatuwa. Shi ne ya samar da filin wasan golf na Dutse, wanda ya zama ɗaya daga cikin wurare ƙalilan da manyan ma'aikata da 'yan ƙasashen waje ke haɗuwa a sarari. Ɗansa, Hamim Nuhu Sanusi, shi ya gaje shi.

Duwatsu, dabino da ranar kasuwa

Sunan garin bai ɓoye komai ba. Manyan duwatsu ne suka yi masa ƙawanya, wasu a ɗore kan wasu kamar da hannu aka jera su. Da sanyin safiya a lokacin hunturu, hawansu motsa jiki ne da ba ya buƙatar ko sisi, kuma daga sama ana hango garin gaba ɗaya da gonakin da ke bayansa. A watannin Maris zuwa Mayu kuwa, da zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, wanda bai sauko kafin hantsi ba zai ɗanɗana kuɗarsa. Hikima ita ce a nemi ɗan unguwa ya yi jagora, saboda macizai da kuma sanin inda ba a so a taka.

Wasu daga cikin duwatsun na shan guduma, domin gine-ginen da ake yi a gari na buƙatar tsakuwa, kuma fasa dutse sana'a ce da ke ciyar da gidaje da dama. Dutsen da aka fasa dai ba ya tsirowa.

A gindin duwatsun ne dabino ke tsaye. Dutse na cikin wuraren da suka fi shahara da noman dabino a Nijeriya, abin da ya sa cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, ta ajiye reshenta na binciken dabino a garin. Baƙon da ya san dabino a faranti kawai lokacin buɗa baki, a nan zai ga cewa akwai bishiya mace akwai namiji, kuma manomi kan hau da kansa ya ɗaura furen namijin a jikin na macen kafin ta yi 'ya'ya masu kyau.

Kasuwannin mako-mako su ma wurin buɗe ido ne, ko da mutum ba sayayya ta kai shi ba. Ta Shuwarin, a bakin babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, tana ci ranar Litinin. Ta Gujungu ranar Lahadi, wadda ita ce ta fi dacewa da ma'aikaci. Mai son ganin raƙuma da shanu dubbai kuwa sai ya nausa arewa zuwa Maigatari, a kan iyaka da Nijar, ranar Alhamis. Abin da ake gargaɗin baƙo a kai ɗaya ne: kada ya ɗaga waya ya ɗauki hoton mutum, musamman mace, ba tare da neman izini ba.

Shanun da ba su da tozo

Tafiyar ƙasa da sa'a guda kudu da Dutse akwai Birnin Kudu, garin da mutane da yawa suka sani saboda tsohuwar kwalejin gwamnati da ta yaye irin su Alhaji Aliko Dangote. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a kogunan duwatsun da ke gefen garin akwai zane-zanen da suka girmi duk wani rubutaccen tarihin yankin.

A shekarun 1950 ne labarinsu ya kai ga masana, kuma Bernard Fagg, Baturen nan mai binciken kayan tarihi da ya yi fice kan gumakan Nok, na cikin waɗanda suka yi nazarinsu. Wuraren da aka fi ambata su ne Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu.

Galibin zanen na shanu ne, wasu masu dogon ƙaho wasu masu gajere. Amma duk makiyayin da ya kalle su zai ga wani abu da ya ɓace: ba su da tozo. Shanun da Fulani ke kiwo a yau a faɗin arewa masu tozo ne, don haka masana ke ɗaukar zanen a matsayin shaidar wani zamani da ya gabaci yaɗuwar irin waɗannan shanu a ƙasar Hausa.

Kusa da zanen akwai wasu duwatsu da idan aka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sukan ba da amo kamar na ƙuge, kowane gefe da irin muryarsa. Ramukan da suka lotsa a jikinsu na nuna an daɗe ana kaɗa su.

Gwamnatin tarayya ta ayyana wuraren a matsayin kayan tarihi na ƙasa, kuma hukumar kula da gidajen tarihi na da cibiya a garin, inda ya kamata mai ziyara ya fara tsayawa. Duk da haka zanen na dusashewa, ruwa da iska na cin rabonsu, gari kuma na matsowa. Mai zuwa ya sa ran ganin abin da sai ya ƙura ido, ba hoton bango ba. Abin mamaki ne a ce ɗalibi ya kammala digiri a Dutse bai taɓa zuwa ba, amma hakan ba baƙon abu ba ne.

Tsaro ya rage fita

Ga 'yan ƙasashen waje, lissafin ya sauya tun farkon shekarun 2010. A watan Janairun 2012 aka sace wani injiniya Bajamushe a Kano, aka kuma kashe shi bayan 'yan watanni. A watan Fabrairun 2013 ƙungiyar Ansaru ta kwashe ma'aikata bakwai 'yan ƙasashen waje na wani kamfanin gine-gine a Jama'are ta jihar Bauchi, garin da ke kan hanya ɗaya da Dutse.

Ko da yake ana lissafa Jigawa cikin jihohin arewa da suka fi zaman lafiya, kamfanoni da ƙungiyoyin agaji kan yi wa ma'aikatansu doka ɗaya ce ga yankin baki ɗaya: daga masauki sai wurin aiki, fita kuma sai da izini, wani lokaci da rakiya. Sakamakon haka, Bature ko ɗan Sin zai iya kammala kwangilarsa ya koma gida bai taɓa zama a majalisa ba, mutanen gari su ma ba su san shi ba sai ta gilashin mota. Ɗan Nijeriyar da ya zo daga Enugu ko Ibadan ba ya ƙarƙashin irin wannan takunkumi, sai dai na tsoron da ya taho da shi daga gida.

Tsuntsayen Baturiya

Wurin da ya fi jawo hankalin duniya a jihar yana da ɗan nisa. Daga Dutse akan yi kimanin sa'o'i biyu zuwa Haɗeja, sannan a ƙara gaba zuwa Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma. Nan wani ɓangare ne na dausayin Haɗeja da Nguru, inda kogunan Haɗeja da Jama'are ke bazuwa cikin fadamu da tafkuna kafin su zama kogin Yobe, su nufi tafkin Chadi.

An ƙidaya fiye da nau'in tsuntsaye 300 a wannan dausayi. Akwai na gida, irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela. Akwai kuma masu zuwa daga arewacin Turai da Rasha, daga ƙasashen da tafkuna ke daskarewa da sanyi irin su Finland da Lituwaniya, waɗanda kan ƙetare teku da hamadar Sahara su sauka a nan. Su ma baƙi ne, sai dai su ba sa kuskuren lokaci.

A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarci Dagona, ɓangaren dausayin da ke jihar Yobe a yau. A 2008 aka sanya Baturiya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971. A 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mayar da wurin gandun daji na ƙasa, a shekarar da UNESCO ita ma ta amince da yankin Haɗeja da Nguru da Bade a matsayin muhallin da ake karewa.

Duk waɗannan laƙabobi ba su magance babbar matsalar ba, wato ruwa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, dukkansu a jihar Kano, yanayin ambaliyar da dausayin ya dogara a kanta ya sauya. A da ruwa kan zo da ƙarfi da damina, ya janye da rani, a shuka shinkafa a kama kifi a yi kiwo, kowa da lokacinsa. Da ruwan ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar kacalla ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar jan-baki, tsuntsun da kan share gonar shinkafa ko gero cikin ɗan lokaci.

Toshewar hanyoyin ruwan na cikin abubuwan da ake ɗora wa alhakin munin ambaliyar da ta auka wa yankin a 2020 da 2022. Saboda haka abin da mai yawon buɗe ido ke gani a matsayin kyakkyawan koren fili, ga manomin Kiri Kasamma ko Guri masifa ce. Sare itatuwa da farauta su ma sun rage abin da ake gani.

Mai niyyar zuwa ya tanadi guzurinsa da ruwan shansa, ya kwana a Haɗeja, ya yi sammako, ya kuma nemi jami'an gandun ko mai unguwa su haɗa shi da mai kwale-kwale. Da damina hanyoyin cikin fadama kan yanke. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya fara janyewa, tsuntsaye suka taru a tafkunan da suka rage.

Zuwa ƙarshen Maris baƙin tsuntsayen sun fara komawa arewa. Ba da jimawa ba kuma shamuwa za ta iso daga kudu ta yi sheƙa a kan kuka da tsamiyar cikin ƙauyuka, manoma su fara gyaran gona.